Muhawara: Asid yana gyara daɓen ɗaki ko ɓata shi yake yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara game da gidan da muka kama haya a Rikkos, nan cikin Jos, domin daɓensa ba iri ɗaya ba ne. Falo tarazo ne irin na da, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari, ɗakunan kwana tayil ne, kicin da baranda kuwa siminti ne zalla. Tarazon ya dushe, ya yi jaja-jaja daga bakin ƙofa zuwa inda kujeru suke, layukan da ke tsakanin tayil sun yi baƙi, simintin kicin kuma duk lokacin da aka share sai an kwashe gari. Maƙwabciyata ta ce in sayo asid irin na masu sa tayil in wanke gidan gaba ɗaya, wai zai koma sabo. Kafin in sayo na ga ya dace in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sani.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Don Allah kada ki bari asid ya taɓa tarazon nan, ko da ɗigo ɗaya ne. Kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare, kuma abin da zai faru a falonki darasi ne da muke nuna wa ɗalibai a cikin kwalba. Tarazo tsakuwar mabul ce aka kwaɓa da siminti, aka zuba, aka bi ta da inji har ta yi sumul. Mabul da siminti duk suna ɗauke da sinadarin kalsiyam, dangin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, asid kuwa narkar da shi yake yi. Kumfar da take tashi idan an zuba asid, wadda mutane ke gani su ce ga datti nan yana fita, ba datti ba ne, fuskar daɓen ce take narkewa tana sakin iska. A ranar farko wurin zai yi fari tas domin an ɗaye saman da ya yi dauɗa, amma abin da ya rage zai zama mai kaushi da ƙananan ramuka, kuma cikin 'yan makonni jar ƙurar garin nan za ta shige ramukan ta zauna yadda babu mofar da za ta fitar da ita. Daga nan sai a koma a ƙaro asid, kowane wanki kuma yana cin wani sashe na daɓen. Ba asid na kwalba kaɗai nake nufi ba. Lemun tsami, da khal, da ruwan tsamiya, da yawancin ruwan wanke masai, dukansu masu tsami ne, kuma suna dusar da tarazo da mabul ko da a hankali suke yi. Zoɓo ma idan ya zube aka bar shi ya kwana, tabo biyu yake bari, na launi da na tsami.

Malam Ɗanjuma mai tayil: Malama ta yi gaskiya game da tarazo da siminti, babu abin da zan ƙara. Amma a yi wa masu sana'armu adalci, kada a tashi daga nan ana ganin duk wanda ya riƙe galan ɗin asid maɓarnaci ne. Idan an gama sa tayil aka bar siminti ya bushe a fuskarsa, babu sabulun da zai cire wannan farin hazon. A nan ne ake amfani da asid, sau ɗaya tak, a kan tayil na siramik ko fosilin wanda fuskarsa kamar gilashi take ba ta jin tsami. Kuma yana da ƙa'ida: a jira farin simintin da aka cike layuka da shi ya kama sosai, mako ɗaya zuwa biyu, a fara jiƙa wurin da ruwa domin layukan su ƙoshi kada su sha asid ɗin, a surka awo 1 na asid da awo 10 na ruwa, a zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, a buɗe tagogi, a sa safar hannu ta roba, a goge kaɗan-kaɗan ana ɗaurayewa da ruwa mai yawa. Tururinsa kaɗai yana sa ƙofar ƙarfe da kan famfo tsatsa. Matsalar ita ce matan gida sun ga muna yi a ranar miƙa aiki, sai suka mayar da shi abin wankin sati-sati.

Malama Rabi: Na yarda da wannan iyakar da ka gindaya, Malam Ɗanjuma. Sai dai ina tambaya: da an bi tayil ɗin da jiƙaƙƙen soso tun simintin yana ɗanye, ana buƙatar asid ɗin kuwa?

Malam Ɗanjuma mai tayil: Ba a buƙata, Malama. Mai aikin da ya san hannunsa yana cike layi yana gogewa, yaronsa na biye da shi da bokiti da soso. Gaggawa ce da yawan kama aiki biyu a rana ɗaya suke jawo asid. Maman Ilham, ki bar maganar asid gaba ɗaya, domin babu sabon aiki a gidanki. Layukan tayil ɗinki da suka yi baƙi, ki kwaɓa bekin soda da ɗan ruwa, ki shafa a layin, ki bar shi minti 10, ki bi da tsohon buroshin haƙori. Idan baƙin na fumfuna ne, kamar yadda yake yi a banɗaki, sai a sa bilic, irin su Hypo da Jik, da aka surka. Inda layin ya zaizaye har ya yi rami, a kankare ragowar a sake cikewa, aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi a bar ruwan mofa yana shiga ƙarƙashin tayil kullum. Tarazo kuwa, ki fara gwada buroshi mai taurin gashi da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka. Idan bai tashi ba, maganinsa inji ne. Masu tarazo suna bin sa da dutsen gurza, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ana zuba ruwa, har sabuwar fuska ta fito, sannan a shafa mai kare shi. Abin da ya sa nake jin takaici idan na ga ana farfasa tarazo don a sa tayil mai araha ke nan, ko da yake ni ne zan ci kuɗin aikin. Tarazo yana da kauri, ana iya sabunta shi sau da yawa, tayil kuwa idan fuskarsa ta goge ta tafi ke nan. Ku duba tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati na garin nan, ku ga yawan ƙafar da ta taka tarazonsu, yana nan. Ki yi wa mai gidan hayar magana, wataƙila ya yarda a cire kuɗin gurzawar daga haya, tun da gidansa ake gyarawa.

Hajiya Babba: Sannunku da ƙoƙari, 'ya'yana. Jikata ce take rubuta mini, ni nake faɗa. Mu da muka tashi a ɗakin daɓe, ba mu san wani ruwan kwalba ba. Idan za a yi wa amarya ɗaki, mata ne suke taruwa, a baza jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, kowace ta ɗauki madaɓinta, ana duka ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta haɗe. Bayan haka a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa yayyafa ruwanta a kai. Ita take sa daɓe ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya daina tashi. Irin wannan ɗaki ba a kwara masa ruwa, tsintsiyar laushi ce kawai safe da yamma, kuma ba mai shiga da takalmi. Da siminti ya zo gidanmu na Gangare, jan folish na gwangwani muke shafawa, mu bar shi ya sha iska, mu bi da buhun algarara muna murzawa da ƙafa har mutum ya ga inuwarsa. Abin da nake so yarinyar nan ta riƙe shi ne shara. Yaran yanzu sai su tsoma mofa a ruwa su hau jan ta a kan ƙura ba su share ba, su mayar da ƙura taɓo, su raba wa kowane lungu rabonsa. A siminti da tsakar gida a yayyafa ruwa kafin a share don kada ƙura ta tashi, a tayil kuwa a share a bushe. Sannan ni har yau ina ɗiga kananzir kaɗan a ruwan goge-goge, yana sa ƙyalli, yana korar tururuwa da kiyashi.

Sista Hauwa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta shara da cire takalmi ita ce gaskiyar lamarin, amma ku yi mini afuwa game da kananzir. Ƙyallin da yake bari maiƙo ne ya kwanta a saman daɓe, kuma a kan tayil santsi yake yi, musamman ga wanda ya fito daga alwala da jiƙaƙƙiyar ƙafa. A wurin aiki muna karɓar dattawan da suka zame a ɗaki ko a banɗaki, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin al'amari ba ne, wani daga ita ba ya sake tafiya da ƙafarsa. Ga yaro mai rarrafe da yake dafa ƙasa ya kai hannu baki, ga kuma lokacin sanyi da ake shigo da kaskon wuta ɗaki a rufe tagogi. Abu na biyu da nake roƙon kowa a zauren nan: kada a haɗa bilic, irin su Hypo da Jik, da asid ko da ruwan wanke masai ko da khal, wai don wankin ya fi ƙarfi. Haɗin yana fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar taga tana iya kayar da mutum. Bilic shi kaɗai da ruwan sanyi ake surka shi. A lokacin korona, a 2020, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara don goge wurare shi ne kashi 0.1 cikin 100, wato idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 5 ne, awo 1 a cikin awo 49 na ruwa. Kun ga ashe kaɗan ne ake buƙata. Kuma sai an fara wanke dattin da sabulu an ɗauraye, domin datti yana kashe ƙarfinsa, sannan wanda aka surka yau ba a ajiye shi don gobe. Ba kullum ake buƙatarsa a falo ba, wurinsa banɗaki ne, ko inda aka yi amai ko gudawa, ko inda jinin nama ya zuba.

Hajiya Babba: Na ji, 'yata. Ni dai a siminti nake sawa, ba a tayil ba, kuma siminti yana shanyewa. Amma maganar yaro mai rarrafe ta shige ni, domin akwai su a gidan. Zan bar shi a baranda inda kiyashi suke fitowa, ɗaki kuwa na bar muku.

Malama Rabi: Ina so in koma kan sharar da Hajiya ta ambata, domin a nan ne jan tabon bakin ƙofar Maman Ilham ya samo asali. Akwai ma'aunin taurin duwatsu da ake kira Mohs, daga 1 zuwa 10. Mabul yana wajen 3, gilashi yana tsakanin 5 da 6, ƙwayar yashi ta ma'adinin kwaz kuwa tana kan 7. Jos gari ne na duwatsun giranit, yashinmu cike yake da wannan ƙwaya, kuma duk wanda ya shigo da takalmi ya kawo ta. Idan aka taka ta a kan tarazo ko tayil mai ƙyalli, aikin takardar gurza katako take yi, shi ya sa dushewar take bin hanyar da ake bi, ƙarƙashin kujera kuma yana nan da ƙyallinsa. Abin taka ƙafa guda biyu, mai kaushi a waje da mai laushi a ciki, da wurin ajiye takalma a baranda, sun fi duk wani ruwan wanki da za ki saya amfani. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke shigo da ƙura ta kowace kafa, gara a share sau biyu a yi mofa sau ɗaya, da a yi mofa sau biyu ba shara.

Sai kuma omo. Da yawa daga masu kukan tayil ɗinsu ya dushe, ba dushewa ya yi ba, sabulu ne ya taru a kai. Garin wanki an yi shi ne don tufafi, inda za a ɗauraye shi sau biyu ko uku. Idan aka zuba shi cikin bokitin mofa har ya yi kumfa, aka goge aka bari ya bushe, yana barin wani farin danƙo da yake kama ƙura, ƙafa ma tana ɗan mannewa idan an taka. Cokali ɗaya na sabulun ruwa ya ishi bokiti, kuma a riƙa aiki da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye mofa, a zubar da na biyun da zarar ya yi ja. A matse mofar sosai, a fara daga ƙuryar ɗaki a ƙare a ƙofa, a wanke ta a shanya a rana, domin mofar da ta kwana cikin ruwan datti ita take kawo ƙarnin da ake ɗora wa daɓe.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Omo kam shi nake zubawa. Saura maganar simintin kicin. Ina tunanin in shimfiɗa masa ledar ɗaki in huta da garin da yake tashi, ko akwai matsala?

Injiniya Bala: Kafin ki sa leda, ƙanwata, ki san dalilin garin. Simintin da yake tashi ba wanki ne ya gaza ba, tun ranar zubi aka samu matsala. Ko dai yashi ya yi yawa, domin daɓe yana son awo 1 na siminti a kan awo 3 ko 4 na yashi mai tsabta, ko ruwa ya yi yawa a kwaɓin, ko kuma ba a ba shi ruwa ba bayan an gama. Siminti ba bushewa ce take sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya cika ƙarfinsa. A nan Jos, a kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, idan aka yi zubi cikin hunturu, busasshiyar iska tana zuƙe ruwan saman cikin sa'o'i kaɗan, ga sanyi yana rage saurin kamawarsa, sai a samu ƙasa da ƙarfi, sama kuwa gari. Idan abin bai yi zurfi ba, akwai ruwan taurara siminti da ake shafawa, ko fentin ƙasa bayan an wanke maiƙo an bar wurin ya bushe sarai. Idan kina iya tona shi da ƙusa, sai dai a kankare a sake.

Game da leda, ki yi wannan gwajin tukuna. Ki yanko farar leda kamar faɗin faranti babba, ki manne gefunanta huɗu a ƙasa da salatif, ki bar ta awa 24. Idan kika ɗaga kika ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, danshi yana tasowa daga ƙasa, kuma yawanci hakan yana nufin ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankare ba lokacin gini. Gwajin ya fi faɗar gaskiya a Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya kama ƙasa. Idan aka rufe irin wannan wuri da ledar ɗaki, danshin ba shi da mafita, sai fumfuna da wari da kyankyasai. Idan wurin a bushe yake, leda ba laifi, amma ba ta son abu uku: zafi, da kaifi, da jan kaya. Tukunyar da aka sauke daga wuta, ko garwashin da ya faɗo daga kaskon turare, nan take suke huda ta, ƙafar kujerar ƙarfe kuma tana yaga ta. Kananzir da fetur suna cin fuskarta. A kicin ni ban cika son ta ba, saboda ruwa yana bi ta gefe da wurin haɗi ya kwanta a ƙasa ba a sani ba. Wanda ya riga ya shimfiɗa, ya riƙa ɗaga gefenta lokaci-lokaci yana shanya wurin.

Anti Zainab: Tun da ana maganar kicin, ni nawa giranit ne a kan kanta da ƙasa, falo kuma irin katakon nan ne da ake jerawa, wanda ake kira laminet. Manja ya zube a giranit ɗin ya bar duhu, na wanke har na gaji.

Malama Rabi: Giranit ya fi mabul jure tsami da karce, amma yana da ƙananan kafofi da mai yake shiga, don haka wanki daga sama ba zai kai gare shi ba, sai an jawo shi waje. Ki kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, ki lafta a kan tabon, ki rufe da leda, ki bar shi kwana ɗaya ko biyu har ya bushe, sannan ki kankare da abin roba. Wani lokaci sai an maimaita. Bayan haka ki ɗiga ruwa a wurin ki jira 'yan mintuna. Idan dutsen ya yi duhu, yana shan ruwa ke nan, yana buƙatar a shafa masa abin toshe kafofi.

Injiniya Bala: Laminet kuwa, Anti, cikinsa garin katako ne da aka matse, hoton katako ne kawai a sama. Idan ruwa ya shiga wurin haɗi, bakin yana kumbura ya tashi, kuma ba ya komawa. Tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi, abin da ya zube a goge nan take, kuma ba a sa masa folish. Idan kin ga 'yar tsaga ta buɗe tsakanin allunan cikin hunturu ta rufe da damina, ɗabi'ar katako ce, kada ki cike ta da komai.

Baban Sadiq: Ni tambayata ta kafet ce, kuma ta shafi ibada. Saboda sanyin Bukuru mun malale ɗaki da kafet daga bango zuwa bango, ga yara ƙanana da ake yaye su daga famfas. Idan yaro ya yi fitsari, uwarsa takan goge da ruwan omo da ɗan turare. Wari yana tafiya, amma zuciyata ba ta kwanta da yin salla a wurin ba.

Ustaz Nura: Tambayar tana da kyau, Baban Sadiq. Asalin hukuncin yana cikin hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a katse shi, da ya gama ya sa aka kwara guga na ruwa a wurin. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ruwan da yake gusar da hukuncin najasa shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai canja da wani abu kamar sabulu ko turare ba. Saboda haka ruwan omo yana cire ƙazantar, amma sai an bi da ruwa zalla kafin wurin ya tsarkaka. Yadda ya fi sauƙi a kafet shi ne a fara danna busasshen tsumma a tsotse fitsarin, kada a murza domin murzawa faɗaɗa shi take yi, sannan a zuba ruwa a sake tsotsewa, a maimaita har ruwan da ke fitowa ya zama babu launi babu wari. Wanda yake son sa sabulu ya sa a tsakiya, ya ƙare da ruwa zalla. Haka ma a tayil, a ɗebe najasar tukuna, kada a ja ta da mofa zuwa sauran ɗakin. Allah ne mafi sani.

Sista Hauwa: Ƙari a kan bayanin Ustaz, a tabbata wurin ya bushe har ƙasa, a ɗaga gefen kafet ɗin a sa fanka ko a buɗe taga, domin jiƙaƙƙen kafet a ɗaki mai sanyi fumfuna yake yi, ita da ƙurar da yake tarawa kuma suna tayar wa masu asma da ciwonsu. Gidan da ke da ƙananan yara, darduma babba da za a iya naɗewa a fitar rana a kakkaɓe ta fi kafet ɗin da aka manne da gam.

Baban Sadiq: Na fahimta, Allah ya ƙara ilimi. Malam Ɗanjuma, tun da kana nan, a gidan ƙanena tayil ɗin falo ya yi ƙara cikin dare, da safe aka tarar guda huɗu sun tashi sun yi tozo a tsakiya. Matarsa ta ce yawan mofa ne, shi kuma ya ce tayil ɗin ne marar kyau.

Malam Ɗanjuma mai tayil: Ba mofa ba ce, kuma da wuya a ce tayil ɗin ne. Tayil da kankaren da ke ƙarƙashinsa suna buɗewa da zafi suna tsukewa da sanyi, amma ba daidai da juna ba, kuma a garin nan tazarar zafin rana da sanyin dare tana da yawa. Idan aka jera tayil baki da baki babu layi, kamar yadda masu gida da yawa suke nema wai ya fi kyau, aka kuma matse shi da bango, ba shi da wurin motsi sai sama. Shi ya sa muke barin milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane biyu, da 'yar tazara a jikin bango wadda sikatin, wato siririn tayil ɗin gindin bango, yake rufewa. Dalili na biyu shi ne rowar siminti, a ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya a ɗora tayil, ƙarƙashi duk rami. Akwai kuma bambanci tsakanin siramik da fosilin. Siramik yana shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a sa da siminti, fosilin kuwa abin da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, siminti zalla ba ya kama bayansa da kyau, gam ɗin tayil yake so. Ka ce wa ƙanen naka ya ɗauki makulli ya bi falon yana ƙwanƙwasa kowane tayil. Wanda ya kama yana ba da sauti a dunƙule, wanda ƙarƙashinsa rami ne yana amsawa kamar ganga, sai ya yi masa alama da alli. Kada kowa ya taka waɗanda suka tashi, domin bakin fasasshen fosilin yana yanka ƙafa. A cire su da duk masu alamar, a kankare tsohon simintin, a mayar da gam, a buɗe tazarar jikin bango. Idan akwai ragowar kwalin tayil ɗin a sito ya fito da shi, idan babu ya ɗauki guda ɗaya ya tafi da shi kasuwa, domin ko lambar ta zo ɗaya, launin wani zubin yakan ɗan bambanta da na wani.